Shekarar da Na Mayar da Aji Uku Shafin Farko

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai wata magana da kuka taso kuka tarar a gidan nan, kuna maimaita ta yadda kuka ji ta, wai da ba don wani sufeto ya danne ni ba da na zama hedimasta a Karaye. Na sha jin kuna ba baƙi labarin, ni kuwa ina zaune a kan buzuna ina jan carbi, ban ce i ba, ban ce a'a ba. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara gajiya, gara ku ji yadda abin ya faru daga bakin mai shi. Ba zan ɓata muku lokaci da jerin makarantun da na koyar ba. Shekara ɗaya ce ke da magana a cikinta, shekarar da yayarku Ummi take aji uku, ni kuma nake malamin ajin.

A lokacin ina ji da kaina, ba na ɓoye muku. In ajina ya fara karatu, masu babur da ke bakin titi sukan ce, to, ajin Malam Bello ya tashi. Yadda nake yi kuwa ba wani abin ɓoye ba ne. In karanta layi, yara su biya. In sake, su sake. Sau uku, sau huɗu, har kwanon rufin ya riƙa amsawa. Sai in ce, "Kun gane?" su ce, "Mun gane, Malam," sai mu juya shafi. Kafin sauran malamai su kai rabin littafi ni na gama nawa. Ranar jarrabawa in ɗauko layi daga littafin in cire kalma ɗaya, su cike. Yarana kan ci, iyaye su yi ta sa albarka. Hedimastanmu zai yi ritaya a ƙarshen wannan shekara, kuma daga masinja har mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa kowa ya san kujerar tawa ce. Abin da ya rage kawai sufeto ya zo a zango na uku ya ga ajina, ya rubuta rahoto.

Wadda ta fi kowa ƙwallafa rai a kan kujerar nan mahaifiyarku ce, Allah ya jiƙanta. Ba don a ce mata matar hedimasta ba, ko da yake maƙwabta sun fara tsokanarta da sunan tana murmushi. Gajiya ta yi. Tun da aka kawo ta gidana take bin na daga wannan ƙauye zuwa wancan, duk inda aka jefa ni, ta ɗaure tukwane ta kwance, ta dasa zogale ta tafi ta bar wa wasu. Hedimasta kuwa yana da gida a cikin makaranta, kuma ba a cika ɗaga shi ba. Ta riga ta shiga gidan ta gani, har ta zaɓi inda za ta kafa murhu.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da mu, don ku na yanzu kun fara mantawa. Mu mutanen Jajaye ne a ƙasar Rogo, Fulanin da suka zauna suna noma suna kiwo, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ummi ita ce ta fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, kunya biyu ke nan. Ban taɓa kiran sunanta na yanka ba. Ban taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba. In tana zazzaɓi, sai in tsaya a ƙofar ɗaki in tambayi mahaifiyarku, "Ya jikin yarinyar nan?" kamar 'yar maƙwabta. Da ta zo ajina, na ajiye ta can baya kusa da taga. In ina kiran rajista na iso kan sunanta, sai in ɗaga ido in ga tana nan, in yi maki in wuce. Yaran sun haura sittin, nakan ɗaga wannan in ɗaga wancan lokaci-lokaci, amma ita ko sau ɗaya ban taɓa cewa ta tashi ta karanta ita kaɗai ba. Ina zan kai wannan abin kunya, a ce Malam yana nuna 'yarsa? Da ta zo ta ɗaya a zangon farko, daɗi ya cika ni har wuya, amma takardar kawai na miƙa wa mahaifiyarku ban ce uffan ba.

A hutun wannan zango ne yayana, Alaramma Usmanu, ya kawo Inna, wato mahaifiyarmu, asibiti a Karaye saboda ciwon ƙafa, suka sauka a gidanmu. Alaramma makarantar allo yake da ita a Jajaye, da ɗalibansa da ke zaune a wurinsa. Ina girmama shi, amma a cikin raina ina ganin ni ne mai ilimin koyarwa, tunda ni ke da takardar shaida. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar takarda. Ma'aikaciyar asibiti ce ta rubuta mata da Hausa yadda za ta sha magani, layi biyu kacal.

"Takwara, zo nan," in ji Inna. "An ce kin kayar da su duka a boko. Karanta min abin da likita ya ce."

Ummi ta karɓa da hannu biyu. Ta duba, ta juya bayan takardar, ta sake juyowa.

"Inna, babu hoto."

"Hoton me kuma? Ni rubutun nake so."

Yarinyar ta saci kallona. Sai ta gyara tsayuwa kamar a aji, ta ɗora yatsa a kan takardar maganin, ta ɗaga murya.

"Tanko yana kiwon awaki. Awakin Tanko uku ne. Ɗaya fara, biyu baƙaƙe."

Shafin farko ne na littafinmu. Inna, da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe ƙafar da ke ciwo.

"Yau ga likita. Da wannan ƙafar zan bi awakin Tanko?"

Ni dai ban yi dariya ba. Raina ya ɓaci, na ji kamar in tashi in karyo tsumagiya. Mahaifiyarku ta yi sauri ta ce kunya ce, yarinya ba ta saba karatu a gaban ubanta ba. Alaramma kuwa sai ya sa aka ɗauko masa littafin makarantar. Ya buɗe tsakiya, ya dafe hoton da tafin hannunsa, ya ce ta karanta. Shiru. Ya ɗage hannu, ta ga hoton mata a bakin rijiya, nan take ta zubo shafin tun daga sama har ƙasa ba tuntuɓe. Ya nuna mata kalma ɗaya a layin ƙarshe, ya ce wannan fa? Ta tsaya tana kallon yatsansa, hawaye ya fara zubo mata. Ya shafa kanta, ya ce ta je ta yi wasa.

Kafin magariba ya kira ni zaure. Na zauna ƙasa da shi kamar yadda na saba, ina jiran faɗa. Bai yi faɗa ba, tambaya ya yi.

"Bello, ka taɓa kife mata littafin?"

Na ce ban gane ba.

"Ni a wurina yaro ba ya wanke allonsa sai ya juya shi ya kalli bango, ya kawo min karatun shi kaɗai. In ya kawo, in kamo shi daga tsakiya. In ya wuce nan, in bar shi kwana uku in sake tambayar sa ba shiri. Ran Laraba kuwa ba ma ƙara sabo, tishi muke yi, mu koma kan na baya. In suna biyawa tare, ai ko wanda bai iya ba bakinsa motsi yake yi."

Na fara kawo masa hujjar cewa boko daban, allo daban. Ya ɗaga min hannu.

"Sau nawa ka goya ni a babur daga nan zuwa Rogo? Ba na iya ƙirgawa. To ka ba ni babur ɗin gobe ka ga ko na san inda zan karya kwana. Kai kake tuƙi, ni kallon gonaki nake yi. Yarinyar nan goyo ka yi ta yi da ita."

Maganar ta yi min zafi. Da aka koma makaranta na yanka kwalin sukari ƙanana-ƙanana, na rubuta kalmomi masu sauƙi a kai, na zauna a gindin darbejiya ina kiran yaran ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku na yi ina wannan aiki. Waɗanda suka iya karanta kalmar da ba su taɓa rerawa ba, ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma yawancinsu a gida wani ya koya musu. Sauran duk irin Ummi ne. Suna da kai, don wanda ya haddace littafi guda da ka ba daƙiƙi ba ne, amma ba su iya karatu ba. Na tuna duk yaran da suka wuce ta hannuna shekara da shekaru ana yaba min.

Ana cikin haka aka tura mu bita ta kwana biyu a Kano. Da, in na je bita, bencin baya nake nema in yi gyangyaɗi. Wannan karon na zauna a gaba, domin wata malama ce daga kwalejin horar da malamai ta zo yin bayani a kan yadda ƙwaƙwalwa take koyo. Ta zana ƙwaƙwalwa a allo, ta ce a cikinta akwai ƙwayoyi ƙanana da ba su ƙirguwa, masu saƙe da juna da zaruruwa. Koyo, in ji ta, shi ne ƙulluwar sabon zare a tsakaninsu, kuma zaren ba ya yin kauri don yaro ya ji abu sau da yawa. Yana yin kauri ne duk lokacin da yaron ya yi ƙoƙarin lalubo abin da kansa, ko da ya sha wuya, ko da ya yi kuskure an gyara masa nan take. Wanda ya yi ta ji kawai, zai ji kamar ya sani, alhali sabo ne ya yi da sautin. Ta ce ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar sabon abu da yawa a tashi ɗaya, sai kaɗan-kaɗan. Tana son a bar ta ta huta, ta yi barci a kan abin, a dawo a tambaye ta gobe, a sake tambaya bayan mako. Tana kama sabon abu ne in an rataya shi a jikin wanda ta riga ta sani. Sannan ta ce yaron da ke kallon bulala, hankalinsa na kan bulalar, abin da ya rage wa karatu kaɗan ne.

Na ɗaga hannu na tambaye ta, to malamin da ya gane a tsakiyar shekara cewa 'yan aji ukunsa ba su san haruffa ba, ya zai yi?

"Ya koma inda suka tsaya, Malam. Ba inda littafi ya tsaya ba."

A motar dawowa ina ta dariya ni kaɗai har na kusa da ni ya matsa. Alaramma bai taɓa ganin zanen ƙwaƙwalwa ba, amma rabin abin da matar nan ta faɗa shi ne abin da yake yi a Jajaye tun ina yaro.

Ran Litinin na shiga aji na ce kowa ya kife littafinsa. Muka koma shafin farko, kai, ƙasa ma da shafin farko, muka koma haruffa. Biyar nake ɗauka, ba na ƙarawa sai sun zauna. Kowane harafi in rataya shi a jikin abin da suka sani: rake, rogo, nono, tulu, sunan ƙanen wani, sunan saniyar gidan su wance. Yaran rugage da Hausarsu ba ta nuna ba, na bar su su kawo misali da Fulatanci, sai ga bakin da bai taɓa buɗewa ba ya buɗe. Mu fita waje su rubuta a ƙasa da yatsa, su share, su sake daga ka. Kowace safiya kafin sabo, in tambayi na jiya, da na shekaranjiya, da ɗaya daga makon da ya wuce, kuma mutum ɗaya nake tambaya, sauran su yi shiru su ba shi lokaci. Wannan shirun shi ya fi ba ni wahala, don bakina ƙaiƙayi yake yi in faɗa masa amsar. Bulalata kuwa na ba mai gadi ya riƙa korar awaki da ita. "Kun gane?" ma na daina tambaya, tunda na gano ba a taɓa amsa min da a'a ba.

Ajin ya yi tsit. Masu babur suka fara tambaya ko Malam Bello ba shi da lafiya. Wani uba ya tare ni a kasuwar Karaye, bayan mun gama gaisawa ya ce shi fa ɗansa da yana dawowa gida yana rera karatu, yanzu sai zane a ƙasa kamar mai duba. Hedimasta ya kira ni ofis ya nuna min manhaja, ya ce in ji tsoron Allah in tuna sufeto na tafe. Amma maganar da ta fi tsaya min ta mahaifiyarku ce. Tana tankaɗe ta faɗe ta, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ni ban ce abin da kake yi ba daidai ba ne. Amma ka bari a ba ka kujerar tukuna, sannan ka gyara duniyar. Wata nawa ya rage?"

Na ce mata watannin da suka rage su ne kaɗai yaran nan suke da su. In suka shiga aji huɗu a haka, babu mai sake mayar da su kan haruffa, haka za su yi ta bin baki har su fita.

"To, Allah ya sa mu dace," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Abin da ya fi min wuya duka shi ne Ummi. Ranar da na fara ɗaga ta a aji, rasa yadda zan kira ta na yi, sai na ce, "Ke, ta bakin taga." Ajin ya fashe da dariya, ita kuwa da ta miƙe, harafin da ta sani ma ya gudu. Na gane tsorona take ji, kuma ni na jawo, domin ba ta san ni ba sai daga nesa. Sai na yi abin da ubana bai taɓa yi da ɗan farinsa ba. Kullum bayan na dawo daga sallar asuba, in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, in zaunar da ita kusa da ni da 'yan kwalayenmu. Ranar farko mahaifiyarku ta fito da buta ta gan mu, ta koma ɗaki da sauri kamar ita ce ta yi abin kunyar. Wata safiya, bayan ta kasa haɗa harafi uku sau huɗu a jere, yarinyar ta ajiye kwalin.

"Baba, ni daƙiƙiya ce ko?"

"A'a," na ce. "Malaminki ne bai iya ba. Yanzu yake koyo."

Ta dube ni ta ga ba wasa nake yi ba. Tausayinta ya kama ni har na kau da kai. Ta ɗauki kwalin ta sake gwadawa, a karo na shida ta haɗa.

Sufeto ya zo a farkon damina, ran wata Talata da aka kwana ana ruwa. Dattijo ne siriri mai magana a hankali, ya jingine babur ɗinsa duk taɓo. Ya duba manhaja, ya duba littafin shirin darasina. Kamata ya yi a ce mun wuce shafi na arba'in, mu kuwa muna na goma sha biyu. Ya zauna a bencin baya ya kalli darasi har na gama, sannan ya taso ya karɓi alli ya rubuta jimlarsa a allo, wadda ba ta cikin kowane littafi. Ya ɗauki rajista, ya sa yatsa a tsakiya, ya kira suna. Sunan mahaifiyata ne ya fito daga bakinsa. Bai san 'yata ba ce.

Ummi ta miƙe. Ba wanda ya tari bakinta, don sun saba da jira. Ta fara harafi-harafi, tana haɗawa a hankali.

"Ru… ruwa ya sa… sauka. Ma… manoma sun fi… fita shu… shuru."

Ta tsaya. Ta sake kallon kalmar. Ni ina tsaye a gefe, na dunƙule hannu a aljihu don kada in yi magana.

"Shuka," in ji ta. "Sun fita shuka."

A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa jin karatu mai nawa irin wannan ba, kuma ban taɓa jin wanda ya yi min daɗi kamarsa ba. Sufeto ya share, ya rubuta wata jimlar, ya ɗaga wasu yara huɗu. Uku suka karanta da irin wannan jan ƙafa, ɗaya ya kasa.

Da aka tashi hutun tara ya ce in raka shi gindin darbejiya. Daga ni sai shi. Abin da ya faɗa min a wurin shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

"Malam Bello, na ga abin da kake yi, kuma na san darajarsa. Amma takardar da aka ba ni in cike, shafi take tambaya. In na rubuta sha biyu, kujerar nan ta wuce ka, ba ni da yadda zan yi."

Na ce na sani, ranka ya daɗe.

"To ga shawara. Zan ce yau ruwa ya hana ni ganin ajinka. In dawo bayan mako uku. Kai ka san yadda ake yi, an ba ni labarinka. Ka biya musu har shafi na arba'in, su rera min, in rubuta abin da kunnena ya ji. In ka hau kujerar, sai ka mayar da makarantar duka yadda kake so."

Wallahi na so in karɓa. Na hango gidan nan na cikin makaranta, na hango mahaifiyarku. Mako uku ne kawai, kuma maganarsa akwai hankali a cikinta. Amma na san inda yaran suke. Yanzu-yanzu suka daina kallon bakin na kusa da su, zaren nan da malamar ta faɗa bai yi kauri ba. In na ce su buɗe littafi su bi bakina, za su koma da murna, don ya fi sauƙi, kuma za su gane cewa in babban mutum zai zo, karatun gaske ajiye shi ake yi a ɗauko na nunawa. Sannan ni ne zan tsaya a gaban yarinyar da na gaya wa malaminta yana koyo, in ce mata, kun gane? Na ce masa na gode, Allah ya saka da alheri, amma ya rubuta sha biyu.

"Ka yi shawara da iyalinka tukuna," in ji shi. "Zan iya jira zuwa jibi."

Na ce ba sai na yi ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ciro biro ya rubuta a gabana. Ya ba ni hannu, ya tayar da babur ɗinsa ya tafi.

Da na koma gida na tarar mahaifiyarku ta yi shinkafa da miyar kaza, abin da ba ta yi sai da dalili. Ta karɓi jakata, ta kawo ruwa, ta jira na sha.

"Malam, ya aka yi?"

"Ya ce muna baya a manhaja. Haka ya rubuta."

"Bai ga yaran suna karatu ba?"

"Ya gani."

Can ta ce, a hankali, "Ya gani, ya rubuta haka. Allah ya isa tsakaninmu da shi."

A nan ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba. Na sa hannu a abinci.

Aka ba wani kujerar. Ni kuma da shekara ta ƙare aka mayar da ni wata ƙaramar makaranta a Daura, ta nan ƙasar Karaye, muka sake ɗaure tukwane a bayan akori-kura ana yayyafi. Daga nan ma an sake ɗaga mu sau biyu. Haka na ci gaba da koyarwa da littafi a kife har na yi ritaya ina malamin aji, kuma yaran da suka bi ta hannuna daga wannan shekara sun fita suna karanta abin da aka miƙa musu. Mahaifiyarku ba ta taɓa yi min gori ba, ko sau ɗaya. Duk ɓacin ranta a kan bawan Allahn nan ta sauke shi, ku kuma kuka ɗauka daga bakinta. Sau da yawa na yi niyyar gaya mata. In na dube ta tana kafa murhu a sabon gidan haya, sai in kasa. Tsoro nake ji ta san an ba ni zaɓi, har an ce in je in yi shawara da ita, na ce ba sai na yi ba.

A ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi ina zaune a bakin gadonta, ta dube ni ta ce, "Malam, da mutumin nan bai cuce ka ba, da ka huta tun tuni." Kofi na hannuna. Na ce mata, "Sha ruwa." Bayan kwana tara ta rasu.

To kun ji. Ban yi nadamar abin da na gaya wa sufeto ba, ko yau aka sake tambaya ta sha biyu zan ce ya rubuta. Shirun da na yi wa mahaifiyarku nake nadama, kuma ba ta nan balle in nemi gafararta. Mutumin nan bai cuce ni ba, alheri ya so yi min, ya sha Allah ya isa shekara da shekaru a kan laifin da ba nasa ba. Daga yau kada in sake jin wani a gidan nan ya ambace shi da mugun baki. In kun idar da salla kuna yi wa mahaifiyarku addu'a, ku sa shi a ciki, ni ma ku roƙa min ta yafe min.